Waɗanda kuka shiga Ingila kwanan nan, tsakani da Allah wane aiki kuke yi?

Abban_Hanif:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah tambaya gare ni kuma amsa nake so ta tsakani da Allah, ba irin ta hoton Instagram ba. Ni akanta ne, shekarata 9 ina aiki a wani kamfani a nan Kano, ina da ICAN (shaidar ƙwarewar akantoci ta Najeriya), mata ɗaya yara uku. Na samu gurbin mastas a wata jami'a a Ingila amma kuɗin makarantar kaɗai sai na sayar da filina sannan in haɗa da ɗan abin da ke hannu. A gefe guda kuma wani ejan ya ce in bar wahalar karatu, in kawo miliyan 14 ya samo min CoS (takardar kamfanin da zai ɗauki nauyin bizata) na aikin keya, wato kula da tsofaffi, in tafi kai tsaye. To ku da kuka shiga daga 2022 zuwa yau, abin da kuka karanta shi kuke yi ko kuwa? wata nawa kuka yi kafin ku samu aiki? Don duk wanda na kira a waya sai ya ce min "Alhamdulillah ana ta fama", ni kuma wannan ba amsa ba ce wlh.

Dan_Fagge_Coventry:
Hhhh "ana ta fama" ai ita ce amsar malam, fassara kawai kake nema

Maman_Iman:
Wa alaikumus salam. Kafin a je ko'ina Abban Hanif, wannan ejan ɗin ɓarawo ne, ka toshe lambarsa yau ɗin nan. Tun 22 ga Yulin 2025 aka rufe ɗauko masu aikin kula da tsofaffi daga ƙasashen waje. Waɗanda suka riga suka shigo ne kawai aka bar wa ƙofa su sabunta ko su sauya zuwa bizar keya, shi ma zuwa 2028. To kai da kake zaune a Kano ta ina CoS ɗin zai yi maka aiki? Kuma ko lokacin da ƙofar take buɗe doka ba ta yarda a sayar wa ma'aikaci CoS ba, kamfani ne yake biyan kuɗinta ba kai ba.

Abban_Hanif:
Innalillahi. Wlh har ya turo min hoton takardar wani da ya ce shi ya yi masa

Maman_Iman:
Zai turo mana. Ka duba kwanan watan da ke jiki, in ba tsohuwa ba ce to haɗa ta aka yi a kwamfuta.

Bakatsine77:
Ni farkon jin "aikin keya" na ɗauka aikin da ake juya wa mutum ƙeya ne, ashe ban yi nisa da gaskiya ba 😂

Ummu_Sadiq_Leeds:
Bari in ba ka nawa labarin tunda ka ce tsakani da Allah. Na shigo a 2023 lokacin ƙofar tana buɗe, malamar sakandare ce ni a Zariya shekara 11 ina koyar da kimiyya. Gwala-gwalaina duka na sayar, yayana ya cika min muka ba wa wani ejan. Na sauka da akwatina biyu na nufi adireshin kamfanin da ke jikin takardata sai na tarar da wani ɗan ɗaki a saman shagon aski, tebur ɗaya kujera biyu da wata mata mai amsa waya, ta ce min in je in zauna za a kira ni in shif ya fito. Takarda ta ce awa 39 a sati, ni kuwa wani satin awa 8 wani satin ba ko ɗaya, kuma ba ni da ikon in tafi wani wuri in kama cikakken aiki saboda bizata a ɗaure take da sunansu, ƙarin awa 20 kawai doka ta ba ni a waje. Wata bakwai ina haka ina kwana a falon wata 'yar Gana da muka haɗu a masallaci, Allah Ya saka mata da alheri. Rannan sai ga saƙo wai an ƙwace lasisin kamfanin, daga baya wasiƙar Home Office (ma'aikatar cikin gida) ta iso cewa kwana 60 gare ni in samu wani siponsa, wato kamfanin da zai ɗauki nauyin bizata, ko in bar ƙasar. Ban taɓa sanin kwana 60 ba komai ba ne sai lokacin, kullum da asuba sai na ƙirga. Ana saura kwana 13 wani gidan tsofaffi ya ɗauke ni, a nan nake har yanzu.

Hajiya_Turai_Ldn:
Allah sarki Ummu Sadiq. Kuma ba ke kaɗai ba ce, gwamnati da bakinta ta ce daga Yulin 2022 zuwa Disamban 2024 ta soke lasisin kamfanonin keya sama da 470, ma'aikatan da ke ƙarƙashinsu sun haura dubu 39. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, ejan yana can ya gina gida ke kina nan kina ƙirga kwanaki.

Engr_MB:
Ni fa ina ganin ana cika tsorata mutane a zauren nan. Na zo mastas a 2021, na gama na samu bizar kammala karatu ta shekara biyu, cikin wata biyar na samu aikin injiniya, yanzu kamfanin ne ke min siponsa kuma na sayi mota ina shirin karɓar bashin gida. Wanda ya san abin da yake yi zai samu. Matsalar mutanenmu ba sa gyara CV, ba sa shiga LinkedIn, suna zuwa sai su faɗa aikin sito su manta abin da ya kawo su.

Dan_Fagge_Coventry:
Injiniya da girmanka, 2021 ka ce fa. Lokacin da ka samu siponsa mafi ƙarancin albashin da ake nema fam 26,200 ne ko ƙasa da haka. A Afrilun 2024 aka ɗaga shi zuwa 38,700, a Yulin 2025 ya koma 41,700. Wane kamfani ne zai ba wa baƙon da bai taɓa aiki a ƙasar ba wannan kuɗin? Kun haye kun janye tsani sannan kuna cewa ba mu iya hawa ba

Engr_MB:
Akwai rangwame ga wanda ya gama karatu kwanan nan, 33,400 ne nasu. A riƙa faɗin magana duka.

Dan_Fagge_Coventry:
Na sani, kuma rangwamen na 'yan shekaru ne ba na dindindin ba. Ni dai ga ni nan, mastas a harkar kasuwanci, takardar neman aiki na tura ta fi 300 na daina ƙirgawa, intabiyu huɗu aka kira ni kuma duk huɗun da an zo kan "za ka buƙaci siponsa nan gaba?" sai ka ji murya ta canza. Yanzu dare nake yi a sito, ƙarfe 10 zuwa 6 na safe, an rataya min wata na'ura a hannu tana ƙirga kaya nawa na ɗauko a awa, in na yi jinkiri ta yi ja. Sallar asuba a bayan tarin kwalaye nake yi a kan wani kwali da na ɓoye don kar masu shara su ɗauke. A layinmu akwai wani likitan dabbobi ɗan Sudan da wani lauya ɗan Pakistan, in muka zauna shan shayi ƙarfe 2 na dare kamar taron majalisar jami'a.

Sadiya_RN:
Gsky amsar tambayarka Abban Hanif ita ce ya danganta da abin da ka shigo da shi a hannu. Mu nas-nas namu daban ne. Na ci jarrabawar Turanci ta IELTS a karo na uku, na yi jarrabawar kwamfuta (CBT) a gida, na zo nan na yi ta gwajin aiki (OSCE), hukumar nas-nas ta NMC ta ba ni lamba, asibitin gwamnati na NHS ya ɗauke ni a mataki na 5, albashin farko ya ɗan haura fam dubu 31 a shekara a 2025. Aikina nake yi ba wani ba. Amma ko mu ɗin akwai abin da ba a faɗa, shekarata 12 ina aiki a gida har na riƙe ɗakin haihuwa, da na zo nan daga ƙasan matakin aka fara min lissafi daidai da yarinyar da ta fito makaranta jiya, ita ce ma take nuna min yadda ake cika takarda a kwamfuta. Na haɗiye. Kuma Najeriya tana cikin jan jerin WHO na ƙasashen da ke da ƙarancin ma'aikatan lafiya, asibiti ba shi da izinin zuwa ya yi kamfen ɗin ɗaukar mu, kai ne za ka nema da kanka, shi ya sa 'yan damfara suke samun wurin shiga.

Dr_Kabs:
A ƙara da cewa likitoci ma yanzu ba kamar da ba ne. Da kana cin jarrabawar PLAB 2 a Manchesta ka yi rajista da hukumar likitoci ta GMC, wata biyu uku ka samu wuri. Yanzu gurbi ɗaya za a saka kafin yamma an rufe saboda yawan masu nema, na san waɗanda suka ci jarrabawar suka shekara ba aiki, wasu sun koma gida suna jira daga can. 'Yan ƙasar ma da suka gama nan suna kukan rashin gurbin horo, to ina ga baƙo.

Bakatsine77:
To wai ni in tambaya, duk wannan kukan da kuke yi me ya hana ku dawowa? kullum ana wahala ana wahala amma ba mu ga kowa a filin jirgin Malam Aminu da akwati ba

Ummu_Sadiq_Leeds:
In dawo in ce wa yayana me? Kuɗinsa ban gama biya ba.

Hajiya_Turai_Ldn:
Bakatsine kai dai ba ka rabo da tsokana. Amma tambayar tana da kyau. Shekarata 24 a Landan, na ga zuwan mutane kala-kala. Abin da ke riƙe mutum uku ne, bashin da ya ci ya zo, kunyar komawa hannu rabbana, sai kuma lissafin cewa in ya daure shekara biyar zai samu takardar zaman dindindin ya huta da siponsa. To ga shi a Mayun 2025 gwamnati ta fito da shirin mayar da biyar ɗin goma. Wanda ya ɗaura niyyar azumin kwana biyar aka ce masa goma ne, ka san akwai magana.

Malam_Sani_Bradford:
Ni ina so in taɓo wani ɓangare da ba a so a faɗa, musamman mu maza. Aikin bi gida-gida nake yi, wato ba a gidan tsofaffi ba, kai ne za ka bi su gidajensu. Ƙarfe 6 na safe ina tashar bas cikin sanyin da yatsunka ba sa jin waya, manhaja ta jero min mutum 11 a rana, wannan minti 30 wancan minti 45. Ka shiga ka gaishe shi ka tashe shi, ka kai shi banɗaki, ka yi masa wanka ka canza masa ƙunzugu in ya ɓata, ka haɗa masa shayi da burodi ka ba shi magani ka rubuta, duk a minti 30, sannan ka ruga wani gidan. Kuma inda nake mintocin da ka yi a cikin gida su ake lissafa maka, zaman jiran bas da ratar da ke tsakani duk a kanka, sai ka fita awa 13 a biya ka na 8. Na yi wata uku ban gaya wa ko matata ainihin abin da nake yi ba, cewa nake "ma'aikacin lafiya". Ni da a gida ko kofin da na sha shayi ban taɓa ɗaurayewa ba.

Amma wlh akwai wani tsoho da nake zuwa wurinsa, ya haura 90, mantuwa ta kama shi ko 'yarsa wani lokacin ba ya ganewa. Ranar farko ina ɗaura masa takalmi ya kalle ni ya ce "sannu da aiki". Na ɗauka kunnena ne. Ashe ya yi aiki a masaƙa a Kaduna yana saurayi, 'yar ta nuna min hotonsa da babbar riga. Sunan matarsa ya ɓace masa amma "sannu da aiki" da "ina kwana" suna nan. Na fita na zauna a tashar bas na yi hawaye, ban san ma na mene ne ba.

Maman_Iman:
Allahu akbar. Malam Sani ka sa ni kuka a wurin aiki

Abu_Ammar:
Malam Sani tambaya don Allah ba don cin fuska ba, mata fa? ana tura ka ka yi wa mace wanka? Kuma abincin da za ka haɗa musu in akwai naman alade ko giya ya kake yi

Malam_Sani_Bradford:
Yawancin tsofaffin matan su da kansu ba sa son namiji, ana rubutawa a takardarsu, don haka maza ake haɗa ni da su sai dai in mu biyu ne da mace ni ina taya ɗagawa. Naman alade kuwa ina sa safar hannu in ɗumama abin da ke firij in ajiye masa, na tambayi malamai biyu a nan amsarsu ba ta zo ɗaya ba, ni dai ina istigfari ina neman mafita. Juma'a ce ta fi damuna, sai na roƙi a bar min ratar ƙarfe 1 zuwa 2 kuma ba kullum ake yarda ba.

Abu_Ammar:
Shi ya sa ni har gobe na fi ganin Saudiyya. Ko ba komai kana jin kiran salla, abincinka halal, ba mai kallonka don ka shimfiɗa darduma.

Takari_Jidda:
Hhh Abu Ammar ka taɓa zama ko Umara ka zo ka koma? Shekarata 8 a Jidda. Abin da Ummu Sadiq ta faɗa na biza ɗaure da sunan kamfani ai shi ne kafala, mu a nan muka san shi tun kafin su. Kafilinka ya ga dama ya kai ƙararka cewa ka gudu, shi kenan ka zama abin kamu sai tarhil, wato a mayar da kai gida. An sassauta dokar a 2021 ana iya canza wurin aiki amma ba ta haɗa da 'yan aikin gida da direbobin gida ba, kuma nan ne mafi yawan matanmu suke. Ga sana'o'in da aka ware wa 'yan ƙasa zalla, kai baƙo ko ka fi kowa iyawa ba za a rubuta maka su a iƙama (katin izinin zama) ba. Kuma ka shekara 30 ba wani zaman dindindin da zai zo maka don ka daɗe. Kowa dai da irin tasa.

Abu_Ammar:
Na ji, amma ni ban ce babu wahala ba

Nana_Kumasi:
Ku yi haƙuri ku dawo kan tambayar bawan Allah, ya ce akanta ne shi. Mijina akanta ne daga Kumasi, mun zo 2022. Abin da ya gani shi ne duk inda ya je sai a ce ina gogewarka ta nan ƙasar, to ta ina zai samu in ba wanda ya fara ɗaukarsa? Shekara ɗaya da rabi yana gadi a wani babban kanti da dare, da rana yana karatun ACCA, shaidar ƙwarewar akantoci da aka sani a nan. Daga baya wata ƙungiyar agaji ta unguwarmu ta ce tana neman mai duba mata lissafi kyauta, ya riƙa zuwa ranar Laraba, wata shida suka rubuta masa takardar shaida, da ita ya samu aikin ƙaramin akawu ta hannun ejensi, na wata uku, aka sabunta, aka sabunta, yanzu ya zama na dindindin. Albashin bai kai matsayinsa na gida ba in ka duba girma, a can mutum shida ne a ƙarƙashinsa, a nan shi ne ƙarami a ofis. Amma shi a kan bizata yake, ba ya buƙatar siponsa, wannan shi ne babban bambancinsa da Dan Fagge.

Dan_Fagge_Coventry:
Yauwa Anti Nana kin gama magana. Ba ilimi ba ne matsalar, takarda ce. Wanda ya zo a bayan matarsa ya fi mai mastas 'yanci a kasuwar aiki, abin dariya abin kuka.

Maman_Iman:
Kuma wannan ƙofar ma an rufe wa Abban Hanif. Tun Janairun 2024 ɗalibin mastas na aji ba ya zuwa da iyali, sai mai digirin bincike kamar PhD ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa. Masu keya su ma an hana su tun 11 ga Maris 2024. Wato kai kaɗai za ka zo, Maman Hanif da yara suna Kano, kana ciyar da gida biyu da aikin awa 20 a sati don iyakar abin da aka yarda ɗalibi ya yi kenan lokacin karatu.

Lissafi_Dalla:
Bari in buga masa a fili. A Afrilun 2025 an sa mafi ƙarancin albashi fam 12.21 a awa. Awa 20 a sati ya kama wajen fam 1,050 a wata. Ɗaki ɗaya a gidan haɗaka a garin da ba Landan ba ka ware 500 zuwa 650, bas, abinci, waya, ka ga abin da ya rage. A cikinsa za ka aika gida, a cikinsa za ka cika ragowar kuɗin makaranta in ba ka biya duka ba. In ka gama ka samu cikakken aiki a wannan farashin, awa 37 da rabi, bayan haraji da inshora abin da zai shigo hannunka wajen 1,700 ne. Mutanen gida suna jin 1,700 sai su buga da dubu biyu su ce miliyan uku da ɗoriya a wata, ba sa buga hayar da naira. Kuma kar ka manta kuɗin lafiya da ake biya tare da biza, ɗalibi 776 a shekara, bizar bayan karatu 1,035 a shekara kuma a dunƙule ake biya tun farko.

Bakatsine77:
Miliyan uku a wata kuke kira wahala?? ku ba ni wahalar don Allah

Lissafi_Dalla:
Ka gani ko, ga irinsu nan tun ban rufe baki ba 😂

Zainab_Hull:
Wani abu kuma da ba a ambata ba shi ne suna. Akwai binciken da aka yi a jami'ar Oxford aka fitar a 2019, sun aika takardun neman aiki iri ɗaya sak sai dai suna da asali suka canza, aka ga mai asalin Najeriya sai ya aika ƙarin kashi 80 cikin ɗari kafin a kira shi kamar yadda ake kiran Bature ɗan ƙasa. Ni na gwada da kaina a ƙaramin mataki, na cire Kano daga saman CV na bar adireshin Hull kawai, na mayar da aikin da na yi a nan sama duk da ƙanƙantarsa, kira ya ɗan ƙaru. Ba na cewa kowa mai wariya ne, manajata ta yanzu mutuniyar kirki ce ƙwarai, har ɗaki ta ware min na salla.

Engr_MB:
Wannan na yarda da shi. Amma ku ma ku yarda cewa wasu suna samu. A zauren nan kaɗai na san mutum huɗu da suke aikin kwamfuta da albashi mai kyau, ba sa magana ne kawai saboda tsoron baki da masu roƙo.

Hajiya_Turai_Ldn:
Suna samu Injiniya, ba wanda ya musa. Ɗana na fari ma da abokansa duk suna manyan ofisoshi, amma su a nan suka yi makaranta, harshensu na nan ne. Mu da muka zo da girmanmu mu ne taki, haka na gani tun zuwana. Mijina da digirinsa biyu tasi ya ja shekara 15, Allah Ya ji ƙansa, bai taɓa zama a ofis a ƙasar nan ba.

Adam_Gadarif:
Salam 'yan uwa, ku yi haƙuri da Hausata ta Sudan ce. Ni ban zo da biza ba, yaƙin da ya tashi a Afrilun 2023 ne ya fito da mu. Mai neman mafaka ba a yarda ya yi aiki ba sam, sai in ya wuce wata 12 yana jira sannan ya roƙa, kuma wasu ayyuka ƙalilan aka yarda. Ina otal ana ba mu abinci da abin da bai kai fam 10 ba a sati, ni da nake da shagon gyaran mota da yara biyar a ƙarƙashina. Zaman banza ya fi komai ciwo wallahi. Wasu suna karɓar hayar asusun kai abinci na wani su yi da keke a ɓoye, in an kama ka shari'arka ta lalace. Da aka ba ni takarda sati uku na samu gareji, don ni ba ruwana da siponsa ko'ina zan iya aiki, kuma mota mota ce ko a Gadarif ko a Bamingham. Mai aikin hannu bai cika shan wahalar da masu digiri suke sha ba, abin da na gani kenan.

Dan_Fagge_Coventry:
Malam Adam gaskiya ka faɗa. Mai askin da nake zuwa wurinsa ya fi ni samu nesa ba kusa ba. Da na sani da walda na koya ba mastas ba

Maman_Iman:
A dai yi hattara da aikin ɓoye. Tun 2024 tarar mai ɗaukar wanda ba shi da izinin aiki ta kai fam dubu 45 a kan mutum ɗaya karon farko, dubu 60 in ya maimaita, shi ya sa ko shagon kaza yanzu sai ya nemi lambar tantance izinin aiki. Ɗalibin da ya wuce awa 20 shi ma bizarsa yake wasa da ita.

Abban_Hanif:
Jama'a na gode ƙwarai, tun ɗazu nake karantawa ina maimaitawa. Ejan dai na toshe shi, har ya kira ta wata lambar yana cewa ana saura gurbi biyu. Yanzu abin da ya rage min shi ne mastas ɗin. In na fahimce ku, zan sayar da fili, in bar aikina, in bar iyali, in yi shekara ina sito ko keya, sannan a ba ni shekara biyu in nemo wanda zai biya ni sama da dubu 33 ya kuma yi min siponsa. Haka ne?

Maman_Iman:
Shekara biyun ma ka duba lokacin da za ka gama. Wanda zai nemi bizar daga 1 ga Janairun 2027 wata 18 za a ba shi, masu PhD ne aka bar musu shekara uku.

Engr_MB:
Haka ne amma ka fara ACCA tun kana gida, kuma ka zaɓi kwas da garin da ke da kamfanoni ba inda kuɗin makaranta ya fi araha kawai ba. Ni dai ba zan ce kar ka zo ba.

Ummu_Sadiq_Leeds:
Ni kuma ba zan ce ka zo ba. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. In kana da hali ka nemi tallafin karatu irin su Chevening ko Commonwealth ka zo da kuɗin wasu, duk da su sharaɗinsu ka koma gida in ka gama. Fili dai kar ka taɓa shi.

Nana_Kumasi:
Ka tambayi Maman Hanif ma tukuna, ita za a bari da yara uku

Abban_Hanif:
Anti Nana ai ita ce ta fi ni son tafiyar, ƙawarta ce take turo mata hotuna a dusar ƙanƙara 😅 zan ba ta wayar ta karanta na Malam Sani da na Ummu Sadiq da kanta

Bakatsine77:
In ka fasa ka turo min gurbin, ni ko ƙeyar ce a juya min na yarda

Malam_Sani_Bradford:
In Allah Ya sa ka taho ka zo da lasisin tuƙinka, ana yarda da shi wata 12 kafin ka yi jarrabawar nan, kuma mai mota ya fi samun shif. Kilishi kuwa kar ka soma, a filin jirgi za su zubar maka. Yaji da kuka dai a taho mana da su.

Dan_Fagge_Coventry:
Af, tunda an taru, akwai wanda ya san inda ake ɗaukar mutane aikin rana a Coventry ko Bamingham? daren nan ya fara taɓa min ido, kuma bizata saura wata 7. A yi min magana ta gefe don Allah